Turmi, Tukunya da Alƙalami: Yadda Mabiya Buddha ke Rubuta Ibadarsu ta Yau da Kullum

A dokokin sufayen addinin Buddha, wato waɗanda suka aske kai suka rabu da gida da aure da dukiya, akwai laifi huɗu da ba su da kaffara. Duk wanda ya aikata ɗaya ya fita daga jama'ar har ƙarshen ransa. Ukun farko kowa zai iya cankarsu: jima'i, sata, kisan mutum. Na huɗun shi ne sufi ya yi ƙaryar ya kai wani matsayi na tsarkin zuciya da bai kai ba. Littattafan dokar, da ake kira Vinaya, sun kawo musabbabin kafa ta. An yi yunwa a ƙasar Vajji, a arewacin Indiya, wasu sufaye kuma suna zaman damina a bakin kogin Vaggumuda. Da abinci ya yi wuya sai suka yi shawara su riƙa yabon juna a gaban mutanen gari, wannan ya ce wane ya kai maƙami kaza, wancan ya ce wane ya gama tsarkaka. Mutane suka hana kansu da 'ya'yansu suka kai musu. Da damina ta wuce aka hallara wurin Buddha a Vesali, sauran sufaye sun zo a rame, su kuwa sun yi ɓulɓul, fata na sheƙi. Ya tambaye su, suka faɗa, ya yi musu faɗa mai zafi. Wata ƙaramar doka ta ƙara da cewa ko da gaske ne sufi ya kai matsayin, laifi ne ya gaya wa wanda ba sufi ba.

A haɗa wannan da koyarwar da ta raba addinin da maƙwabtansa na Indiya, mai cewa babu wani "ni" tabbatacce a cikin mutum, sai jiki da ji da fahimta da niyyoyi da sani, kowanne yana sauyawa ba tsayawa. Mutum zai zaci masu irin wannan aƙida ba za su yi rubutun ba da labarin kai ba. Sai ga shi sun yi shi tuli, tun daga waƙoƙin farko har zuwa littattafan da suka cika kantunan Amurka a yau, inda uwa ke rubuta yadda take ibada da jariri a hannu, ma'aikacin ofis ke rubuta yadda ya haɗiye fushi a cunkoson motoci. Ba sai mutum ya yarda da aƙidar ba kafin ya ga akwai abin nazari a nan. A ganina hanin nan ne ya yi wa rubutun siffa. Da aka toshe wa marubuci ƙofar faɗin inda ya kai, abin da ya rage masa shi ne faɗin inda yake: me ya dafa, ina ya gaza, wa ya mutu masa. Kyan rubutun daga nan ya fito, cutarsa ma haka, domin ko tawali'u ana iya yin riya da shi.

Cikin mafi daɗewar abin da ya iso mana akwai Therigatha, tarin waƙoƙi 73 na matan da suka shiga sufanci a zamanin farko. An yi ta haddace su baki da baki kafin a rubuta nassoshin addinin da harshen Pali a Siri Lanka a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa. Su dai waɗannan mata ba su ɓoye cewa sun isa ba, jama'arsu kuma ta adana musu maganar. Amma shelar isar kusan kalmominta ɗaya ne daga waƙa zuwa waƙa. Abin da ke kama mai karatu kayan gida ne. Mutta tana murnar rabuwa da turmi da taɓarya da mijinta mai ƙusumbi. Mahaifiyar Sumangala tana murnar rabuwa da tukunyarta da miji marar kunya. Patacara, wadda masu sharhi suka ce ta rasa miji da 'ya'ya biyu da iyaye a jere har ta zauce, da ƙorafi ta fara: ga manoma suna huɗa suna samun amfani, ita tana kiyaye dokoki, me ya hana ta samu? Sai ta wanke ƙafa, ta bi ruwan da ido yana gangarawa, ta shiga ɗaki ta ja lagwanin fitila da allura, nan zuciyarta ta kuɓuta. A wurin yawancin matan nan aikin gida ƙangi ne da suka tsere wa. A riƙe wannan, domin zamani ya juya shi baibai.

Izinin ɗaukar ƙananan abubuwa da muhimmanci yana cikin nassi. Huɗubar Satipatthana, ta goma a tarin Majjhima Nikaya, ta umarci sufi ya san abin da yake yi a lokacin da yake yinsa, tun daga tafiya da dawowa da miƙe hannu da ɗaukar ƙoƙon bara, zuwa ci da sha da shiga bayan gida. Duk marubucin zamanin da ya cika shafi biyar kan shan shayi, daga nan ya samo hujja. Sai dai huɗubar ta zarce. Ta ce ya lissafa abin da ke cikin jikinsa, gashi da farce da hanji da majina da mugunya, sannan ya dubi gawar da aka yasar a maƙabarta a matakai tara, daga kumbura har ƙashi ya zama gari, yana tuna wa kansa cewa nasa jikin ma can ya nufa. Tsofaffin marubuta sun ɗauki ɓangarorin biyu tare.

Wanda ya mai da kicin wurin ibada a rubuce shi ne Dogen, malamin Zen na Japan (1200–1253). A 1223, yana ɗan shekara 23, ya tafi ƙasar Sin neman ilimi. Jirginsu na tsaye a tashar ruwa sai ga wani tsohon sufi ɗan shekara 61 ya shigo sayen kayan miya. Shi ne mai dafa wa gidan sufaye na dutsen Ayuwang, ya kuma taka tafiya mai nisa saboda girkin bikin washegari. Dogen ya ba shi shayi, ya roƙe shi ya kwana su yi hira. Tsohon ya ƙi. Dogen ya ce ai gidan babba ne, ba za a rasa mai riƙe masa ba, ya kuma tambaye shi me ya sa dattijo kamarsa bai zauna ya yi tafakkuri ya karanta maganganun magabata ba, ya tsaya wahalar tukunya. Tsohon ya yi dariya, ya gaya masa cewa har yanzu bai san mece ce ibada ba, bai kuma san mene ne karatu ba. Bayan shekara 14, a 1237, Dogen ya rubuta Tenzo Kyokun, wasiyyarsa ga mai girkin gidan sufaye, ya sa labarin a ciki, shi ne saurayin da aka yi wa dariya.

Littafin ya rayu ne saboda ya shiga aikin da gaske. A tsince tsakuwa daga shinkafa, kada ƙwaya ta bi ruwan wanki. A ƙidaya masu ci har da marasa lafiya da baƙi. Kada a yi ƙorafin yawa ko ƙarancin kayan da aka bayar, kuma a dafa miyar ganye da irin kulawar da za a yi wa abincin alfarma. Kafin a fitar da abinci mai girki ya ƙona turare ya rusuna sau tara wajen zauren sufaye. Akwai kuma wurin da masu yabon littafin ba su cika ambata ba. Dogen ya ce da ya koma Japan ya zauna a gidan Kenninji na Kyoto, ya ga mai riƙe da muƙamin girki a can suna kawai gare shi, ya sakar wa bara aikin, yana ganin shiga kicin ƙasƙanci ne. Ya soke shi ba sassauci. Tun ƙarni na 13 ke nan an gane cewa wani na iya riƙe sunan aiki wani kuma yana zubar da gumin.

Kamo no Chomei bai kai Dogen ilimin addini ba, amma ya fi shi iya jimla. Mawaƙin fada ne a Kyoto, ɗan gidan masu kula da wurin bautar Shimogamo. Da muƙamin da yake ganin gadonsa ne ya kuɓuce masa, ya aske kai yana wajen shekara 50, daga baya ya gina bukka a dutsen Hino, faɗinta da tsawonta kimanin mita uku-uku. A nan ya rubuta Hojoki a 1212. Rabin farko na littafin babu shi a ciki sai idonsa: gobarar 1177 da ta ci kashi ɗaya cikin uku na birnin, guguwar 1180, ƙaurar babban birni zuwa Fukuhara a shekarar nan, yunwar 1181 zuwa 1182, girgizar ƙasa ta 1185. A kan yunwar ya fi daɗewa. Ya lura cewa tsakanin mata da miji, wanda ya fi son ɗan'uwansa shi ke riga mutuwa, don shi ke miƙa ɗan abin da aka samu, iyaye kuma su ke riga 'ya'ya. Ya kawo labarin wani sufin gidan Ninnaji da ya bi tituna yana rubuta harafi mai tsarki a goshin kowace gawa, aka ƙidaya sama da 42,300 cikin wata biyu a wani sashe na birnin kaɗai.

Sai bayan wannan duka ya shigar da mu bukkarsa, mu ga hoton Buddha Amida da kayan kiɗansa biyu masu tsirkiya da shimfiɗar ganye. Ya faɗi fili cewa ranar da ya ji kasalar ambaton sunan Amida yakan bari, tunda ba mai ganinsa, kuma shirun da yake yi rashin abokin magana ne ya jawo shi. Yakan fita yawon dutse da yaron mai gadin daji ɗan shekara goma, shi yana da sittin. A shafin ƙarshe ya juyo kan kansa. Koyarwar ta ce kada a ɗamfaru da komai, ga shi ya ɗamfaru da bukka da kaɗaici har ya rubuta musu littafi. Ya tambayi zuciyarsa dalili, ba ta amsa ba, ya ambaci sunan Amida sau biyu ko uku ya tsaya. A duk wannan nau'i na rubutu shi na fi yarda da shi, kuma tsarinsa ne dalili. Gawawwaki 42,300 sun zo kafin mutum ɗaya, don haka sa'ad da ya fara maganar natsuwarsa mai karatu ya riga ya san daga wace irin duniya ta fito.

Waɗanda suka biyo baya kowa da hanyar da ya kauce wa alfahari. A ƙasar Sin malami Zhuhong (1535–1615) ya tsara littafin lissafi da mutum zai riƙa cikewa kullum, kowane alheri da makinsa, kowane laifi da abin da za a cire, a haɗa jimla daga baya. Hakuin na Japan ya rubuta a 1757 yadda tsananin zaman tafakkuri ya kwantar da shi, ƙirji na zafi, ƙafafu sun yi sanyi ƙalau, kunne na ƙara, tsoro ba dalili. Babban malami ne ke gaya wa duniya cewa ibada ta kusa halaka shi. Mawaƙi Kobayashi Issa, magidanci mai bin ɗariƙar Amida, ya rubuta shekararsa ta 1819, wadda agana ta kashe masa 'yarsa tana da shekara ɗaya da kaɗan. Bai musa koyarwar cewa komai mai gushewa ne ba, amma ya nuna sanin bai rage masa zafi ba. Asahara Saichi (1850–1932) kuwa mai sassaƙa takalman katako ne a wani ƙaramin garin bakin teku. In tunani ya zo masa yana aiki yakan rubuta shi a ɓawon itacen da ya fere, da dare ya kwafe a littafin 'yan makaranta.

Littafin da ya haifi salon zamani asalinsa wasiƙa ne. Thich Nhat Hanh, sufin Biyetnam, ya kafa makarantar matasa masu hidimar jama'a a Saigon a tsakiyar shekarun 1960. Ɗalibanta suna shiga ƙauyukan da bam ya rushe suna sake gina makarantu da ɗakunan shan magani. Ba su bi kowane ɓangare ba, don haka kowane ɓangare yana zarginsu. An sace wasu, an harbe wasu. Shi kansa an hana shi komawa gida bayan ya fita kiran a tsagaita wuta a 1966. A 1974, daga Faransa, ya rubuta doguwar wasiƙa ga ɗaya daga cikin ma'aikatan makarantar don ƙarfafa musu gwiwa, ita aka fassara ta fito da Turanci da sunan The Miracle of Mindfulness. A ciki ne sanannen darasin nan yake, cewa mai wanke-wanke ya bar hankalinsa a kan kwanon da ke hannunsa, kada ya riga shi zuwa ga shayin da ke jira. Ya tuna lokacin da yake sabon shiga a gidan Tu Hieu na Hue, su biyu ke wanke kwanonin sufaye sama da 100, ba sabulu, sai toka da ƙaiƙayin shinkafa da ɓawon kwakwa. A dubi waɗanda aka rubuta wa wannan. Matasa ne masu binne abokan aikinsu. An ce su kula da numfashi da kwano ne don kada tsoro da ƙiyayya su cinye su, su iya tashi gobe su koma ƙauye.

Wasiƙar ta sauka a Amurka ta tarar da masu karatu na daban. A yawancin tarihin Asiya zaman tafakkuri aikin sufaye ne, ba ma dukansu ba. A Bama ne, a ƙarni na 20, malamai irin su Ledi Sayadaw da Mahasi Sayadaw suka yaɗa shi ga magidanta. Matasan Amurka da suka je Asiya suka koya suka dawo da shi. Jack Kornfield da Sharon Salzberg da Joseph Goldstein sun kafa cibiyarsu a Barre ta jihar Massachusetts a tsakiyar shekarun 1970. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe shirin mako takwas a asibitin jami'ar jihar, ya tuɓe masa rigar addini don likitoci su karɓa, ya kuma taimaki mutane da yawa masu ciwon da ya ƙi jin magani. Aka samu sabuwar jama'a mai son ibadar sufaye amma tana da aure da albashi da kuɗin haya. Tambayarta ta gaske ce: yaya ake yin wannan da ƙarfe shida na safe yaro na kuka? Kornfield ya amsa ta a littafinsa na 2000, After the Ecstasy, the Laundry, inda malaman ibada da yawa suka ba shi labarin abin da ya same su bayan babban buɗi, mutuwar aure da baƙin ciki da tsohon halin da ya dawo. Bai faɗi sunayen yawancinsu ba, wanda ya yi daidai da tsohon ladabin ɓoye matsayi.

Daga nan rubutun ya yawaita har ya yi wa kansa ma'auni. Wanda ya karanta maƙalu ashirin na irinsa zai iya rubuta ta ashirin da ɗaya ido rufe. Ana buɗewa da ƙaramin ɓacin rai, wani ya tare hanya ko yaro ya zubar da madara. Marubuci ya ji fushi na tasowa, ya tuna ya ja numfashi, ya lura da inda fushin ya tsaya a jikinsa, fushin ya narke. Sai a kawo maganar wani malami, a rufe da cewa har yanzu ana koyo. Sun fito kamar bulo daga inji ɗaya. Babu ƙarya a ciki, fushin ya faru, numfashin ma ya yi aiki. Abin da ke damuna shi ne gazawar da ake amsawa kullum ƙarama ce, irin wadda ke ƙara wa mai ita farin jini, kuma kullum an gyara ta kafin sakin layi na ƙarshe. Chomei ya tambayi zuciyarsa bai sami amsa ba, a nan kuwa amsa tana shirye tun kafin tambaya. Marubucin bai ce ya kai maƙami ba, amma ya nuna mana mutum mai lura, mai taushi, mai sanin aibin kansa, mu kuma mu kammala masa yabon. Dabarar bakin kogin Vaggumuda ce ta dawo da sabuwar riga.

Mafi nauyi shi ne abin da ya zube a hanya. Gawar maƙabarta ta ɓace, shayi ya rage. Sauran mutane ma sun ɓace, ko sun zama sanadin darasi kawai. Direban da ya tare hanya ba shi da labari, aikinsa ya tayar da fushin da za a lura da shi. Alhali nassin da aka fi sani kan rayuwar magidanci, huɗubar Sigalovada, kusan ba ta tsaya kan numfashi ba. Haƙƙoƙi ta jera, na iyaye da malamai da mata da 'ya'ya da abokai da ma'aikata da sufaye. Ta ce maigida ya ba ma'aikaci aiki daidai ƙarfinsa, ya ba shi abinci da lada, ya kula da shi in ya yi ciwo, ya ɗanɗana masa abin daɗi, ya ba shi hutu. Maƙalar da mutum zai auna kansa da wannan ma'auni, ya rubuta nawa yake biyan mai share masa gida, ta fi ta cunkoson motoci wuya nesa ba kusa ba, shi ya sa ta yi ƙaranci. Nan ne kuma Mutta ke da magana. Wanke-wanke yana zama ibada mai daɗi ga wanda ke da zaɓin barinsa. Ga macen da aka ɗora wa shi tun tana yarinya, cewa ta same shi da natsuwa na iya zama wata hanyar cewa ta yi shiru. Ronald Purser ya yi irin wannan suka a littafinsa McMindfulness na 2019, cewa kamfanoni sun karɓi darasin don ma'aikaci ya jure matsi maimakon a tambayi inda matsin ya fito.

Duk da haka salon bai mutu ba, kuma inda ya yi rai ana ganewa da cewa marubucin ya yi asarar wani abu da faɗin abin da ya faɗa. Pema Chodron, Ba'amurkiya da ta zama sufiya a ɗariƙar Tibet, ta ba da labarin ranar da mijinta ya gaya mata yana neman wata kuma yana son rabuwa. Ta ce ta ɗauki dutse ta jefe shi. Natalie Goldberg ta rubuta littafi a 1993 cike da ƙaunar malaminta na Zen, Dainin Katagiri, wanda ya rasu a 1990. Daga baya ta ji cewa ya ƙetare iyaka da wasu ɗalibansa mata. A 2004 ta fitar da The Great Failure, ta faɗi abin da ta ji, ta kuma ƙi jefar da abin da ta koya a wurinsa, ta bar biyun a tsaye ba ta sulhunta su ba. Jarvis Jay Masters ya rubuta Finding Freedom, wanda ya fito a 1997, daga sashen masu jiran kisa a kurkukun San Quentin na Kalifoniya, bisa hukuncin da ya dage cewa zalunci ne. Yau da kullum ɗinsa a lokacin ita ce ihu da ƙarar ƙarfe da filin motsa jiki inda ake soke mutum da wuƙa. Alkawarin da ya ɗauka na kada ya cutar da mai rai, a wurinsa, yana nufin ya san yadda zai hana a kashe wani fursuna ba tare da an kashe shi ba. A shafukansa sauran mutane suna da fuska da tarihi, tabon dukan da suka sha tun suna yara yana jikinsu.

Akwai kuma gurbin da ya fi duka girma. Binciken cibiyar Pew na 2012 ya nuna kusan kashi 99 cikin 100 na mabiya Buddha a yankin Asiya da Pasifik suke, a Amurka ma kimanin kashi biyu cikin uku 'yan asalin Asiya ne. Ibadarsu ta kullum ita ce matar da ke fitowa da asuba a Tailan ta zuba shinkafa a ƙoƙon sufi, da tsohon da ke jan carbi da sunan Amida, da iyalin da ke ajiye abinci da turare a gaban hoton mamaci, da kiyaye dokoki biyar na magidanci, da girki a kicin ɗin haikali ranar biki. Wannan ita ce ibadar mafi yawan jama'a, ita ce kuma aka fi bari ba a rubuta ba. Littattafan Turanci sun daɗe suna ɗaukarta al'adar gado, suna ajiye sunan ibada ga zaman shiru a kan matashi. Chenxing Han ta ƙalubalanci wannan a littafinta Be the Refuge na 2021, wanda ta gina a kan hira da matasan mabiya Buddha 'yan asalin Asiya a Amurka. Da yawansu sun tashi suna ganin abin da kakanninsu ke yi bai kai a kira shi addini na gaske ba. A watan Maris na shekarar aka harbe mutum takwas a yankin Atlanta, shida daga ciki mata 'yan asalin Asiya. Han da Duncan Ryuken Williams da Funie Hsu suka shirya taron addu'a a haikalin Higashi Honganji na Los Angeles ranar 4 ga Mayu, kwana 49 cif bayan kisan, adadin kwanakin da iyalai a Sin da Koriya da Japan da Biyetnam suka saba ƙirga wa mamacinsu. Sufaye da malamai na ɗariƙu daban-daban suka hallara, kowa ya yi karatu da harshensa.